Tafkin Lambu Dabam, Rijiya Dabam

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin marubutanmu ya yi a kan ruwan da ke ɓacewa daga tafkunan lambu a Arlit da Akokan, na kuma maimaita karatunta har sau uku, domin maganar ruwa a ƙasar Abzin ba abin da mutum zai bi ta kansa da gaggawa ba ne, balle idan mai maganar mutum ne da aka shaide shi da kishin talakawa da tsarkin niyya. Muradin maƙalar a taƙaice shi ne, duk mai lambun da ya cika tafkinsa da maraice, ya wayi gari ya tarar ruwan ya ja baya, kada ya wahalar da kansa da neman sababi, gama sababin sananne ne: kamfanonin haƙar yuraniyom sun tsotse ruwan ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, har ƙasar ta koma kamar maƙogwaron mai azumi, tana janye duk abin da aka ajiye a bisanta. Ya kuma ƙara da cewa wanda ya tsaya duban tsaguwar siminti ko hujin tamfol ya taimaki mai ƙarfi ne, ya sauke masa laifi ya ɗora wa magini. Wannan jimla ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin ina cikin waɗanda suka taɓa durƙusawa a bakin tafki suna laluben tsaguwa da hannunsu, ban kuwa yarda cewa durƙuson nan ya amfani kowa ba face mai tafkin da yaronsa.

Wajibi ne in fara da inda muka haɗu da Malam, don kada a yi wa maganata fahimtar da ban nufa ba. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a raminsa na ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan a 1978, bai rufe ba sai ƙarshen watan Maris na 2021. Ruwan da aka yi wannan aiki da shi, aka kuma shayar da garuruwan biyu da shi, daga taskokin ƙarƙashin ƙasa aka ɗebo shi, irin wadda masana ke kira Tarat, ruwa ne da ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina da ciyawa, kuma ɗan yayyafin da Arlit ke samu a shekara ba ya mayar da abin da aka ɗiba. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo ta yi awo a 2003 bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta mutanen Arlit, sa'an nan a 2010 ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoton da ya ce an yi amfani da lita biliyan 270 na ruwa cikin kimanin shekara 40, ya kuma ce a cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗauka, huɗu sun ƙetare haddin yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha. Tulin dusar ma'adini da COMINAK ya bari kuwa ya kai kimanin tan miliyan 20. Duk wannan na yarda da shi, kuma ina ganin Malam bai faɗi rabin nauyinsa ba.

Inda muka rabu shi ne wurin kiyasi. Malaman usulu sun sharɗanta cewa ba a ɗaukar hukuncin wani abu a aza wa wani sai idan illa ɗaya ta tara su, Malam kuwa ya ɗauki hukuncin rijiya ya aza wa tafki alhali illarsu ba ɗaya ba ce. Rijiya baki ce da aka buɗe a kan ruwan ƙasa, idan ruwan ƙasa ya sauka ita ma ta sauka, wanda ya ga gugarsa tana neman ƙarin igiya kowace shekara yana da haƙƙin ya tambayi wanda ya shanye. Amma tafkin lambu, wanda masu lambunmu ke kira basan, ko na siminti ne ko rami ne da aka shimfiɗa wa tamfol, ƙwarya ce kawai da aka ajiye a kan rairayi, aka zuba mata ruwa daga waje. Tsakaninta da taskar ƙasa akwai gaba masu yawa na busasshen dutse da yashi, waɗanda suke a bushe tun kafin a haifi kakan wanda ya fara jin sunan yuraniyom. Ƙwaryar da ba ta fashe ba, ba ta rasa nononta don rijiyar gari ta ƙafe. Idan kuwa har ƙasa tana shan ruwan tafki kamar yadda Malam ya siffanta, to lalle akwai ƙofar da take sha ta cikinta, ƙofar nan kuwa ita ce tsaguwar da ya hana mu nema.

Hujjata mafi ƙarfi ba daga Arlit na samo ta ba, daga Cibarakaten ne. Masu karatu sun san cewa a 2014, bayan an ga zinariya a Jado, ba a daɗe ba aka gan ta a Cibarakaten, can arewa kusa da iyakar Aljeriya, ɗaruruwan kilomita daga Arlit, mutane kuwa suka yi ta kwarara daga Agadas da Damagaram da Tawa da Maraɗi, har da na Cadi da Sudan da Nijeriya, suka kafa gari na rumfuna a wurin da ba kogi, ba ƙorama, ba inuwar itace. Ruwan da ake sha a can, da wanda ake alwala da shi, motocin tanka ne ke kawo shi daga nesa, a sayar da shi tano tano, jarka jarka. A nan babu kamfanin yuraniyom, babu ramin da ya huda wata taska, ruwan ma baƙo ne kamar masu shan sa. Amma duk da haka masu ajiye ruwa a can suna kuka da abin da masu lambun Akokan ke kuka da shi, kalma da kalma. Idan cuta ɗaya ta bayyana a gari biyu, abin da ake tuhuma kuwa yana gari ɗaya kaɗai, mai hankali ya san akwai sauran bincike.

Ɗan 'yar'uwata yana cikin masu sayar da ruwa a can. Ya haƙa rami mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, ya shimfiɗa masa tamfol mai kauri, tanka na zuwa ta juye masa, a gefe kuma ya yi 'yan fangalai na na'ana'a da yakuwa, domin a wurin da ake shan shayi dare da rana, ɗanyen ganye yana da daraja, kuma ido ma yana bukatar ya ga kore. Da na sauka wurinsa na tarar da shi cikin ɓacin rai, ya ce mini, “Kawu, ruwana yana tafiya, kuma na san wanda ke tafiya da shi.” Yaron da ke masa gadi yake nufi, wani matashi da ya baro garinsu a kudu don ya tara kuɗin aure. Maƙwabtansa sun kasu: wasu suka ce rana ce, a haƙura, wasu suka ce wurin yana da mutanen ɓoye, a nemi rubutu, mafi yawa suka ce yaron yana sayarwa da dare, a kore shi. Kowa yana da zato, babu mai awo. Na roƙe shi arzikin kwana ɗaya tak, ya daina sayarwa daga asuba zuwa asuba, ya kuma ba ni bokiti.

Ga yadda ake yi, ina kuma roƙon mai karatu ya riƙe shi, domin ba ya cin ko dala. A cika bokiti da ruwan tafkin, a sa dutse a ciki don kada ya yi iyo, a ajiye shi a cikin tafkin bisa wani tudu yadda ruwan ciki da na waje za su yi kusan daidai, bakinsa kuma kada ya yi nisa da fuskar ruwa har ya tare iska. Hikimar ajiye shi a ciki ita ce, zafin da ya sami tafki shi zai sami bokiti, iskar da ta bi ta kan wannan ita za ta bi ta kan wancan, saboda haka abin da rana da iska suka ɗauka daga ɗayan, kusan shi za su ɗauka daga ɗayan. A yi alama biyu, ɗaya a cikin bokiti, ɗaya a jikin sanda da aka kafa a tafki, a rufe kowane famfo, a janye kowane tiyo, a dawo gobe war haka. Bokiti ba ya yoyo, ɓarawo ba ya kula shi, saboda haka shi ne shaida adali a kan rabon rana. Duk abin da tafki ya rasa fiye da abin da bokiti ya rasa, ba sama ya tafi ba.

Da gari ya waye muka duba, bokiti ya sauka santimita 1, tafki ya sauka santimita 4. Lissafin ba shi da wuya: fili mai murabba'in mita 20, kowane santimita ɗaya da ya sauka lita 200 ne, watau tano guda cur. Rana ta ci tano ɗaya ke nan, tano uku kuma sun bi wata hanya. Masu cewa rana ce suka yi shiru, masu cewa yaro ne suka ƙara ƙarfi, ni kuwa na ce a dakata, domin awon bai gama magana ba. Yoyo da sata ba tafiyarsu ɗaya ba. Mai sata yana zuwa ne lokaci guda, ya ɗiba ya tafi, ruwa ya faɗi farat ɗaya sa'an nan ya tsaya. Yoyo kuwa ba ya barci, ba ya gaggawa, yana tafiya a hankali bisa ƙa'ida ɗaya. Muka kwana a bakin tafkin, ni da ɗan 'yar'uwata da yaron, muna duban sanda da tocila bayan kowane sa'o'i biyu, daga lisha har kiran asalatu, muka ga ruwan yana sauka kaɗan kaɗan a gaban idonmu, babu hannun da ya taɓa shi, bokiti kuwa da ƙyar ya motsa, gama da dare rabon iska kaɗan ne. Har yau ina tuna fuskar yaron nan lokacin da mai gidansa ya juya ya ce masa, “Ka yafe mini, ƙanena, na zalunce ka a zuciyata.”

Saura sanin inda ƙofar take, wannan ma ruwan da kansa yake nunawa. Ruwa ba ya fita ta hujin da ke sama da shi, saboda haka idan aka bar shi yana sauka, ranar da saukarsa ta daidaita da ta bokiti, to hujin yana kan layin da ya tsaya. Idan kuwa bai daidaita ba har ƙasa, a nemi ɓarnar a gindi ko a mahaɗar bututu. A wurin da ruwa ke da tsada irin ta Cibarakaten ba a barin sa ya zube don neman ilmi, saboda haka muka riƙa sayarwa da rana muna aunawa da dare, har dare na huɗu, da ruwan ya sauka kamar kamu biyu, muka ga yoyon ya yanke. Muka bi layin nan da tafin hannu, kusurwa kusurwa, muka tarar a wani ninki na tamfol wani farin dutse mai kaifi, irin wanda masu haƙa ke fasawa don neman zinariya, ya huda shi daga ƙasa, huji bai fi a tura ɗan yatsa ba. Don mu sami yaƙini, da aka sake cika tafkin kafin a liƙe, muka ɗiga shuni kusa da wurin da sassafe, iska ba ta tashi ba, muka ga zaren shuɗi yana miƙewa yana shiga hujin kamar an kira shi. Madara ma tana yin wannan aiki. Muka kuma sami wani ƙaramin mai laifi da ba wanda ya zata: tsohon buhu da aka danne bakin tamfol da shi, rabinsa a cikin ruwa rabinsa a kan yashi, yana jan ruwa yana miƙa wa ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir.

Tafkunan siminti na Arlit da Akokan nasu ciwon dabam ne, amma awon ɗaya ne. Siminti yana son a yi ta jiƙa shi kwanaki bayan an zuba shi kafin ya yi ƙarfi, a garin da ake tattalin ruwa kuwa sau da yawa a kan bar shi ya bushe da wuri, ya fito da ƙananan tsage tun yana sabo. Sa'an nan zafin rana da sanyin dare su yi ta buɗe shi suna rufewa, gishirin ƙasa ya ci shi, saiwar itacen da aka dasa don inuwa ta shinshino danshi ta kutsa. Wanda ya zaga bayan bangon da sassafe zai ga alamu: farin gishiri da ya kwanta kamar kanwa, ko wani gurbi da ciyawa ta fi kore, ko yashi mai sanyi a tafin ƙafa. Wuri na farko da ya kamata a tuhuma shi ne inda bututu ya ratsa bango, domin bututun roba ba ya miƙewa daidai da siminti. Tiyon da aka manta, baki ɗaya a cikin ruwa ɗayan a fangali mai gangare, yana iya kwashe rabin tafki kafin asuba ba tare da wata tsaguwa ba.

Rabon rana kuwa ba a raina shi, kuma a nan masu cewa a haƙura suna da rabin gaskiya. Tafkin Cadi yana rasa fiye da mita 2 na ruwa a shekara ta hanyar tururi kaɗai, tafkin Nasar na ƙasar Masar yana rasa kimanin kubik mita biliyan 10 a shekara, ƙasarmu kuwa ta fi gefen Cadi bushewar iska. Amma haƙuri bai hana dabara ba. Rana tana ci ne gwargwadon faɗin fuskar ruwa, ba ruwanta da zurfi, saboda haka tafki mai zurfi da ƙaramin baki ya fi shimfiɗaɗɗe mai faɗi riƙe amana. Rumfar tabarma a kansa da zana a gefen da iska ke bugowa suna rage ɓarna ƙwarai. Na daɗe ina tunanin cewa masu lambun Timiya da Iferwan da Tabelot, waɗanda suka gāji jan ruwa da raƙumi ko sa, irin aikin da Abzinawa ke kira tekarkart, sun fahimci wannan tun da daɗewa, gama guga tana fitowa ne ta juye a kwararo, ruwan ya zarce fangali nan take, bai zauna yana jiran rana ba.

Yanzu in komo ga tuhumar da Malam ya yi mana, cewa mai neman tsaguwa ya taimaki mai ƙarfi. A fahimtata, maƙalarsa ce take iya taimakon mai ƙarfi ba da nufinsa ba. Shari'a ta ɗora bayyina a kan mai da'awa, kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban alƙali ya san cewa mai ƙara idan ya haɗa da'awa ingantacciya da mai rauni a takarda ɗaya, abokin shari'arsa ba ya taɓa mai ƙarfin, mai raunin yake kamawa, ya karya ta a gaban jama'a, sa'an nan ya ce ku dubi irin maganar mutanen nan. Injiniya ɗaya da bokiti ɗaya sun isa su rushe maganar tafki cikin yini da kwana, kuma ranar da aka rushe ta, ƙurarta za ta rufe maganar rijiyoyi da ta tulin dusar ma'adini da ta ruwan sha, waɗanda mutanen Arlit suka yi fiye da shekara 20 suna tara musu hujja, awo bayan awo. Banda wannan, mai lambun da aka gaya masa cewa ɓarnarsa daga ramin kamfani take, zai naɗe hannu, tano uku su ci gaba da zubewa kullum a ƙasar da kowace lita ta fito daga taskar da ba ta cikowa, wannan kuwa israfi ne ko da ba da gangan ba. Kuma idan bai gamsu da kamfani ba, zatonsa zai sauka a kan wanda ya fi kusa da shi, ya fi shi rauni, kamar yadda ya kusa faruwa ga yaron nan na Cibarakaten.

Abin da nake roƙon Malam, da girmamawar da ta kamace shi, shi ne ya mai da ƙarfin alƙalaminsa ga rijiya, inda da'awarsa take da ƙafafu. Tun watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAÏR daga hannun kamfanin Orano, amma taskar Tarat ba ta san sunan mai ɗiba ba, tambayar da aka yi wa na jiya ita ce za a yi wa na yau: nawa ake ɗiba, nawa ya rage, kuma ina lissafin yake? Ya nemi a bayyana wa jama'a awon zurfin ruwa na rijiyoyin burtsatse, na da da na yanzu. Ya kuma koya wa masu lambu da makiyaya su yi nasu awon: igiya mai ƙulli a kowane rabin mita, da ɗan ƙarfe a bakinta, a zura ta a rijiya ranar ɗaya ga kowane wata da asuba kafin a fara ɗiba, a rubuta a littafi da kwanan wata da sunan rijiyar da shaidu biyu. Na fara wannan a rijiyar wani aminina a gefen Arlit, littafin yana hannunsa, kuma idan Malam ya zo zan kai shi ya zura igiyar da hannunsa, mu rubuta na wannan wata tare.